Scratch da Python: Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Koyon Jeri a Sakkwato?

Basakkwace ya san jeri tun kafin kwamfuta ta shigo gari. Ɗalibin ilimi yakan haddace silsilar malaman da littafi ya biyo ta hannunsu har ya iso gare shi. Uwar adashi tana riƙe da sunayen masu zubi bi da bi, ta san wadda ta kwasa da wadda ke jiran kwasa. Dillalin albasa yana da littafin da yake rubuta buhunan da suka shigo da waɗanda aka loda zuwa Kudu, malamin firamare kuwa da rajista yake buɗe aji kowace safiya. Duk waɗannan tsarinsu ɗaya: abubuwa da yawa a ƙarƙashin suna guda, kowanne da gurbinsa. Haka jeri yake a harsunan da ake ba kwamfuta umarni da su, kuma a kansa ne mai koyo yake tashi daga wasa da lamba ɗaya ko biyu ya fara sarrafa bayanai masu yawa.

Harsuna biyu ne suka fi yawo a bakin masu koyar da sababbin shiga: Scratch da Python. Malamin da aka damƙa wa ɗakin kwamfuta a wata sakandare a Mabera ko Arkilla, da mahaifin da ya saya wa 'yarsa kwamfutar tafi-da-gidanka, da matashin da ya shiga shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan uku kan fasahar zamani, duk sukan tsaya a kan tambaya ɗaya: da wanne za a fara? Kowane harshe yana da magoya baya masu hujja. Adalci shi ne a ajiye su kafaɗa da kafaɗa, a ba su aiki iri ɗaya, a ga yadda kowanne zai yi da shi.

Scratch ya fito ne a 2007 daga jami'ar MIT da ke Amurka, a hannun wata tawaga da Mitchel Resnick ke jagoranta, kuma yara 'yan shekara 8 zuwa 16 aka fi nufa da shi. Zubin da ake amfani da shi yanzu, na uku, ya fito a Janairun 2019. Ba a rubuta umarni a cikinsa, tubala masu launi ake jawowa da linzamin kwamfuta a harhaɗa su, kowane tubali da siffar da ke nuna inda zai iya shiga. Kyauta ne, kuma tsatsonsa yana komawa ga harshen Logo wanda Seymour Papert da abokan aikinsa suka ƙirƙiro wa yara a 1967.

Python ya girme shi da shekara goma sha shida. Guido van Rossum ne ya fitar da shi a 1991, lokacin yana aiki a wata cibiyar binciken lissafi da kwamfuta a Amsterdam ta ƙasar Holan, zubi na uku da duniya ke kai yanzu kuwa ya fito a 2008. Rubuta shi ake yi layi-layi, da kalmomi da alamomi. Shi ma kyauta ne, kuma shi ma jinin koyarwa ne a jikinsa, domin ya gaji abubuwa da dama daga harshen ABC wanda aka tsara don marasa ƙwarewa. Sai dai ya girma ya zama kayan aikin bankuna da masu bincike da masu gina ƙirƙirarriyar basira, alhali Scratch ya tsaya a aji da gangan.

A fara da kafa jerin kansa, a ɗauki sunayen Sarakunan Musulmi a matsayin misali. A Scratch, ɗalibi zai danna maɓallin ƙirƙirar jeri, ya raɗa masa suna, nan take wani akwati ya bayyana a fuskar kwamfuta. Duk sunan da ya ƙara zai gan shi ya sauka a sabon layi da lambarsa a gefe, a ƙasan akwatin kuma adadin abin da ke ciki yana canzawa a gaban idonsa. Ya sa Shehu Usmanu, ya sa Muhammadu Bello, ya sa Abubakar Atiku, akwati ya ce uku. Gani ya kori ji. Tubalan da ke aiki da jeri ba su wuce goma sha biyu ba, duk suna shimfiɗe a gefe, ba sai an haddace su ba: na ƙarawa, na sharewa, na cusawa a tsakani, na musanyawa, na tambayar tsawo, da sauransu. Kuskuren rubutu kusan ba shi da ƙofar shiga.

A Python kuwa, layi ɗaya ya isa: sarakuna = ["Shehu Usmanu", "Muhammadu Bello", "Abubakar Atiku"]. Wanda hannunsa ya saba da madannai zai gama sunaye ashirin kafin mai Scratch ya kai rabi. Amma babu akwatin da zai bayyana. Jerin yana can cikin ƙwaƙwalwar na'ura, sai an ce a buga shi sannan a gan shi, don haka dole ɗalibi ya riƙe siffarsa a ransa. Kuma kowace alama tana da hukunci. A manta waƙafi ɗaya tsakanin sunaye biyu, Python ya haɗe su su zama suna guda ba tare da ya ce uffan ba. Sunayenmu ma suna da nasu tarkon: wanda ya kewaye Mu'azu ko Rufa'i ko Sa'ad da alamar zance mai ƙwaya ɗaya zai ga shirin ya tsaya cak, domin na'ura ta ɗauki hamzar tsakiyar sunan a matsayin rufewar zance. Maganin mai sauƙi ne, a yi amfani da alama mai ƙwaya biyu, amma sai an faɗa wa ɗalibi, ko ya sha wuya ya gano.

Sai batun ƙirga, inda harsunan biyu suka raba hanya sosai. Scratch yana ƙirgawa yadda kowa ke ƙirgawa, daga ɗaya. Idan aka jera sarakunan tun daga Shehu, gurbi na 2 Muhammadu Bello ne wanda ya hau a 1817, gurbi na 17 Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne wanda ya yi shekara hamsin a kan karaga daga 1938 zuwa 1988, gurbi na 20 kuwa Muhammadu Sa'ad Abubakar ne wanda aka naɗa a 2006. Abin da yaro ya ji a gida da abin da na'ura ta ba shi sun yi daidai, ba sai an sake masa lissafi ba. Wannan ba ƙaramar falala ba ce ga ɗan shekara tara wanda bai daɗe da barin ƙirga da yatsu ba.

Python daga sifili yake farawa. A wurinsa sarakuna[0] shi ne Shehu, sarakuna[1] Bello, na ashirin kuma yana gurbi na 19. Da farko abin yakan rikita ɗalibi, har ya yi zaton an yi ne don a wahalar da shi. Hikimar ita ce lambar tana nuna tazarar da ke tsakanin abu da farkon jeri: na farko ba shi da tazara, na biyu taki ɗaya ne daga farko. Masanin kwamfuta Edsger Dijkstra ya rubuta gajeriyar takarda a 1982 yana kare wannan tsari, kuma manyan harsuna irin su C da Java da JavaScript duk a kansa suke. Amfaninsa yakan fito fili wajen yanka jeri. Sarakuna goma sha biyu ne suka yi mulki daga Shehu zuwa Attahiru na Ɗaya, wanda Turawan Ingila suka ci Sakkwato a zamaninsa a watan Maris na 1903. Rubuta sarakuna[:12] zai kawo waɗannan goma sha biyun, sarakuna[12:] kuma ya kawo takwas ɗin da suka biyo baya, tun daga Attahiru na Biyu. Lamba ɗaya ta raba tarihi gida biyu, babu wanda aka maimaita, babu wanda aka tsallake. Haka kuma sarakuna[-1] yana kawo na ƙarshe ko da ba a san tsawon jerin ba. Scratch ba shi da tubalin yanka irin wannan, sai ɗalibi ya kafa sabon jeri ya kwashe sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Me zai faru idan ɗalibi ya nemi abin da babu? A ce ya tambayi Scratch abin da ke gurbi na 25 a jerin da ke da sunaye ashirin. Scratch ba zai tsaya ba, ba zai tsawata ba, zai miƙo masa fanko ya ci gaba da aiki. Masu tsara shi sun zaɓi haka ne don kada yaro ya firgita ya gudu, kuma duk wanda ya koyar da yara ya san yadda jan rubutu a fuskar kwamfuta ke kashe musu gwiwa. Haka nan idan aka tambaye shi ko jeri yana ɗauke da "wurno" alhali "Wurno" aka rubuta, zai ce e, domin ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami a wannan wurin. Sauƙin kai ne da shi. Sai dai sauƙin kan nan yakan ɓoye ɓarna: fankon da aka miƙo zai shiga lissafi a matsayin sifili, jimla ta fito ba daidai ba, ɗalibi kuma bai san an yi ba.

Python ba ya kawar da kai ga irin wannan. A nemi gurbi na 25, ya tsaya nan take ya rubuta IndexError, ya nuna layin da matsalar take. A nemi "wurno" da ƙaramin baƙi, ya ce babu. A karɓi lambobi daga madannai a zuba su a jeri ba tare da an mai da su lamba ta gaskiya ba, ya ƙi tara su, domin a wurinsa rubutun "20" daban, adadin 20 daban. Ga sabon shiga wannan tsanani ne, musamman da yake saƙon da Turanci yake zuwa, Turancin ma na masana. Amma ɗalibin da ya koyi karanta waɗannan saƙonni ya sami malamin da ba ya gajiya da gyara, kuma ya saba da ɗabi'ar da aikin ke bukata: kada a wuce kuskure sai an san dalilinsa.

A koma kan aikin da ake yi da jeri bayan an kafa shi. Malama tana da makin ɗalibai arba'in, tana son matsakaicinsu. A Scratch dole a gina komai da hannu: a kafa mazubin jimla a sa masa sifili, a kafa mazubin ƙirga a sa masa ɗaya, a jawo tubalin maimaitawa a ce ya zagaya sau adadin tsawon jeri, a kowane zagaye a ƙara makin da ke wannan gurbi a kan jimla, a matsa ƙirga gaba da ɗaya, a ƙarshe a raba. Idan kuma ana son tsara ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato bisa haruffa, daga Binji da Bodinga har zuwa Wurno da Yabo, babu tubalin da zai yi wannan. Ɗalibi ne zai koya wa na'ura ta kwatanta maƙwabta biyu ta musanya su idan suna a juye, ta yi ta zagayawa har jeri ya daidaita, aikin da kan kai kwatance 253. Akwai gajiya a ciki, akwai kuma ilimi, domin wanda ya gina wannan da kansa ya ga hanjin aikin, yana kallon sunaye suna sauya gurbi a cikin akwati.

A Python, matsakaicin maki shi ne sum(maki) / len(maki), tsara sunaye kuwa ƙananan_hukumomi.sort(), shi ke nan. Dabarar tsarawar da ke ƙarƙashin wannan umarni Tim Peters ne ya rubuta ta a 2002, kuma ta fi wadda ɗalibi zai gina sauri nesa ba kusa ba. Lokacin da aka tsimi za a iya kashe shi a kan tambayoyi masu nauyi: ɗalibai nawa ne suka gaza matsakaici, wane darasi ne ya fi ba su wuya. Haɗarin shi ne ɗalibi ya haddace umarnin bai san abin da yake yi ba, ranar da umarnin ya ba shi abin da bai zata ba sai ya rasa tudun dafawa. Ga Bahaushe kuwa wannan ranar ba ta da nisa. A ba Python sunayen Ɗahiru da Bello da Zainab da Ƙasimu ya tsara, zai kawo Bello, Zainab, Ɗahiru, Ƙasimu, saboda lambobin da aka ba baƙaƙenmu masu lanƙwasa a tsarin Unicode suna bayan dukan haruffan Turanci. Scratch ma bayan haruffan Turanci zai jefa su. Bambancin shi ne Python yana da ƙofar da ake ba shi ma'aunin tsarawa na musamman a layi biyu ko uku, amma sai wanda ya fahimci tsarawa ne zai san ya nemi ƙofar.

Adashi yana gwada wani ɓangaren. Juya layin kwasa abu ne mai sauƙi a duka biyun: a ɗauko ta farko, a mai da ita ƙarshe. Scratch zai yi da tubala uku, Python da layi biyu, da pop da append. Wuyar tana zuwa ne idan ana son riƙe suna da kuɗin zubi da makon kwasa a tare. Jerin Scratch ba ya ɗaukar wani jeri a cikinsa, don haka sai a kafa jeri uku a gefen juna, a tabbatar gurbi na huɗu a kowannensu na mace ɗaya ne. Ranar da wata ta fita aka share sunanta aka manta da kuɗinta, duk waɗanda ke ƙasa da ita sun gaji kuɗin da ba nasu ba, na'ura kuma ba za ta yi magana ba. Wannan gibi ne sananne, shi ya sa masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka goyi bayan wani harshe mai kama da shi, Snap!, wanda ya yarda da jeri cikin jeri.

Python ya yarda da haka tun asali. Kowace mai zubi za ta iya zama ƙaramin jeri mai suna da kuɗi da mako, duka kuma su zauna cikin babban jeri ɗaya, idan aka cire ta an cire ta da kayanta. Daga nan taki ɗaya ne zuwa tebur mai layuka da ginshiƙai, irin wanda asibiti ko makaranta ko ƙungiyar manoma ke bukata. Amma ƙarin iko yana zuwa da ƙarin nauyi. Dole ɗalibi ya riƙe lambobi biyu a ransa, ta layi da ta ginshiƙi, kowacce daga sifili, kuma rubutu irin masu_zubi[3][1] ba ya bayyana kansa ga wanda bai ƙware ba yadda tubalin Scratch ke bayyana kansa.

Kowane harshe yana da ramin da kusan duk mai koyo sai ya faɗa. Na Scratch shi ne jeri ba ya mantuwa. Abin da aka zuba yana nan ko an tsayar da shirin, har ma ana adana shi tare da aikin. Yaro ya danna koriyar tutar da ke tayar da shiri sau uku, sai ya tarar sunayensa goma sun zama talatin, domin bai sa tubalin share komai a farko ba. Abin da ke rage zafin wannan rami shi ne a fili yake, akwati yana nuna sunayen da suka ninka, yaro da kansa yakan gane.

Na Python a ɓoye yake. Wanda ya rubuta tsoho = masu_zubi yana zaton ya ajiye kwafi kafin ya yi canji, alhali suna na biyu kawai ya raɗa wa jeri ɗaya, kamar mutum mai sunan yanka da laƙabi: ko da wanne aka kira shi, shi ɗin ne zai amsa. Duk abin da aka share ta wannan suna ya tafi ta wancan. Sai an ce masu_zubi.copy() sannan a sami jeri na biyu mai zaman kansa. Haka kuma wanda ke share abubuwa daga jeri a daidai lokacin da yake zagaya shi zai ga an tsallake wasu, domin gurabe sun matsa a ƙarƙashin ƙafarsa. A waɗannan wurare biyu Python da aka sani da tsawa shiru yake yi, kuma ko ƙwararru sukan yi tuntuɓe a nan.

Duk wannan a cikin na'ura ne. A wajenta akwai Sakkwato da yanayinta: wutar lantarki mai zuwa da tafiya, zafin bazara da kan haura digiri 40, kuɗin data, da ɗakunan kwamfuta da ɗalibai suka fi na'urori yawa. Scratch yana da manhajar da ake saukewa a yi aiki ba intanet, wannan alheri ne. Amma yana bukatar faffadar fuska, ta kwamfuta ko babbar waya irin ta hannu biyu, domin jawo tubala a ƙaramar waya wahala ce. Sannan ba shi da daɗin rubutawa a allon aji. Malamin da wuta ta ɗauke masa a tsakiyar darasi zai sha fama kafin ya zana tubala masu shiga cikin juna da alli, kuma rabin armashin darasin, wato kallon akwati yana canzawa, ya tafi tare da wutar.

Python ya fi jure talauci. Tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa, wayar Android ma tana ɗaukarsa ta manhajoji irin su Pydroid 3, ba tare da intanet ba bayan an sauke. Tun da rubutu ne, ana iya rubuta shi a allo, a kwafa a littafi, a bi shi layi-layi da fensir a faɗi abin da zai fito, sannan a gwada ranar da aka sami na'ura. Ɗalibi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ko a Jami'ar Jihar Sakkwato, ko a Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, zai iya yin atisaye a cikin motar da ke kai shi makaranta. Sai dai neman baka mai kusurwa da alamar zance a madannan waya yana cin lokaci, kuma yaron da bai iya buga rubutu ba zai ƙare darasi yana farautar haruffa maimakon tunani a kan jeri.

Ta fuskar harshe, an fassara tubalan Scratch zuwa harsuna sama da 70, kuma ko da Turanci aka bar su, launi da siffa suna taimaka wa yaron da Turancinsa bai nuna ba. Kalmomin umarnin Python kuwa na Turanci ne, ba sa canzawa. Abin da ke sassauta wannan shi ne ba su da yawa: ayyukan da ke manne da jeri goma sha ɗaya ne kacal, kuma sunayen da mai rubutu ke raɗawa nasa ne, Python yana karɓar su da Hausa har da ɓ da ɗ da ƙ. Ta fuskar girma kuma, jerin Scratch yana tsayawa a abu 200,000, adadin da ya wuce bukatar kowane aji amma bai kai kashi ɗaya cikin goma na masu rajistar zaɓe a Jihar Sakkwato ba, waɗanda suka haura miliyan biyu a 2023. Python ba shi da iyaka sai ta ƙwaƙwalwar na'ura, kuma daga jerinsa hanya a buɗe take zuwa nazarin bayanai da gina shafukan intanet, wato ayyukan da ake ɗaukar mutum a biya shi.

Idan aka tattara hujjojin, za a ga kowanne ya yi rinjaye a inda aka gina shi don ya yi. Scratch ya fi wajen nuna wa ido mene ne jeri: gurbi daban, abin da ke cikin gurbi daban, kuma idan aka cire na tsakiya na ƙasa suna hawowa. Ya fi wajen kare yaro daga faɗa da waƙafi, ya kuma tilasta masa gina tarawa da tsarawa da hannunsa. Python ya fi wajen gajarta aiki, da faɗin gaskiya idan an nemi abin da babu, da riƙe bayanai masu rassa, da rayuwa a waya da allon aji, da kai mai shi ga sana'a. Raunin Scratch shi ne yana da rufin da mai himma zai taɓa da wuri. Raunin Python shi ne yana da dokin ƙofar da kan sa mai rauni tuntuɓe tun ranar farko.

Hukuncina ya dogara ne ga wanda ke zaune a gaban na'ura. Ga yaron firamare da na ƙaramar sakandare, wanda bai saba da madannai ba kuma makarantarsa tana da kwamfuta, Scratch ne ya dace, kuma kada a gaggauta fitar da shi sai ya iya tara jeri da nemo mafi girma a cikinsa da kansa. Ga ɗalibin babbar sakandare, da na jami'a, da ɗan kasuwa ko ma'aikacin da waya ce kaɗai na'urarsa, Python ne ya dace tun ranar farko, domin shi yake hannunsa kuma shi zai biya masa bukata. Idan akwai hali, zama biyu ko uku a kan Scratch kafin nan ba asara ba ne. Jami'ar Harvard ma da Scratch take buɗe sanannen darasinta na CS50, mako guda, sannan ta wuce zuwa harsunan rubutu. Idan kuwa aka ce makaranta ta zaɓi ɗaya tilo ga manyan ɗalibanta, a yanayin wuta da na'urori irin namu, Python nake ba rinjaye.

Kirana ga malamai shi ne su kula da mahaɗar. Ranar da za a tashi daga Scratch zuwa Python, a ɗauki jerin da ɗalibai suka riga suka gina, a sake rubuta shi a gabansu, a faɗa musu abubuwa uku ƙarara: ƙirga ta koma daga sifili, akwati ya ɓace sai an buga, kuma jan saƙon kuskure taimako ne, a karanta shi har ƙarshe. A ba su misalai daga garinsu, sunayen unguwanni da farashin buhun albasa da makin ajinsu, domin a kan abin da ɗalibi ya sani ne yake gane na'ura ta yi daidai ko ta kauce. Hukumomin makarantu kuma su ware wa darasin lokacin taɓa na'ura na gaskiya a kowane mako, ko da ɗalibai uku ne a kan kwamfuta ɗaya.